Fentin rabin farashi a intanet: a fara ganin bangon kafin a tura kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida a Hayin Dogo, Samaru, ɗaki biyu da falo. Tsohon gida ne, makon jiya birkila ya gama toshe tsagar bango. Yanzu muna cikin Satumba, amarya kuma za ta tare a ƙarshen Nuwamba. Na ga talla a wani shafin rangwamen haɗaka, wai idan mutum 20 suka biya cikin kwana 3 za a yi wa kowa fentin gida a rabin farashi, har da kayan aiki. Kuɗi ake fara turawa, sannan a ba ka lambar mai fentin. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Ƙanena, kada ka tura ko sisi sai mai fentin ya tako ya zo Hayin Dogo, ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya auna, ya rubuta maka abin da zai yi. In tsarin shafin bai yarda da haka ba, bar shi ya wuce. Na haura shekara 20 ina kula da aikin ƙarasa gini a nan Zariya, daga filasta zuwa silin zuwa fenti, kuma har yau ba na iya yanka wa bango farashi ban gan shi ba. Wanda ya yanka maka tun daga waya, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Bari in fara da hanyar da kuɗin ke bi, don a nan matsalar take somawa. Wannan salon ciniki ya yi suna ne da kamfanin Groupon da aka buɗe a birnin Shikago na Amurka a 2008. A ƙasar nan ma an yi DealDey, wanda Sim Shagaya ya kafa a Legas a 2011, ya yi tashe na wasu shekaru, ya rufe a ƙarshen 2018. Tsarin da Groupon ya shahara da shi shi ne mai sana'a ya zabge rabin farashinsa, sannan shafin ya ɗauki kusan rabin abin da ya rage a matsayin la'ada. Mu ɗauka aikin gidanka na gaskiya naira 200,000 ne. Kai ka biya 100,000. In shafin ya ɗauki rabi, 50,000 ce za ta isa hannun mai fenti. Ko da kashi 20 cikin 100 kawai aka cire, 80,000 ce. Da ita zai sayi fenti, ya biya yaransa, ya biya ɗan Keke Napep da zai ɗauko tsani da bokitai daga Sabon Gari, ya kuma kai cefane gida.

Mai gidan abinci ko mai aski zai iya jure irin wannan faɗuwa, domin wanda ya ɗanɗana yau zai dawo mako mai zuwa ya biya cikakken kuɗi. Mai fenti fa? In ya yi maka aiki mai kyau, ba zai sake ganinka ba sai bayan shekaru. Kuma ba gumi kaɗai yake sayarwa ba, kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ne wajen sayen kaya, ga shi mai shagon fenti bai san da wani rangwame ba. Saboda haka mutum iri uku ne suke karɓar irin wannan tayi. Akwai sabon shiga mai neman a san shi, ko gwanin da damina ta zaunar da shi, waɗannan ba ni da abin cewa a kansu, wani lokaci ma a dace. Akwai wanda ya ninka farashin tun farko, ya rubuta 400,000 ya soke da jan layi, ya ce ya yi maka ragi zuwa 200,000, alhali kuɗin aikin ke nan ko a bakin kasuwa. Na ukun shi ne wanda ya ƙudurta zai fanshe a wurin da idonka ba ya kaiwa. Shi na fi jiye maka, kuma a kansa zan daɗe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shafa fenti shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana gabansa: kankare tsohon fentin da ya tashi, goge bango da samfefa, cike ramuka, wanke ƙura da maiƙo, a bari ya bushe, a sa fentin ƙasa, wato shafar farko da ke kama bango kafin ainihin fenti, inda ake bukata. A tsohon gida wannan yakan ci lokaci fiye da shafawar kanta. Kuma babu wanda zai gane an tsallake shi ranar da aka gama, don sabon fenti yana rufe komai. Sai an kwana biyu asiri yake tonuwa, lokacin an riga an ci kuɗi an sha ruwa.

Gidanka ma yana da nasa larurori guda biyu da ka faɗa da bakinka. Na farko, filastar da birkila ya gama makon jiya. Sabon siminti yana bukatar kamar mako 4 kafin a ɗora masa fenti, saboda akwai ruwa a cikinsa kuma yana da kaifi irin na kanwa wanda ke cin launi. In aka yi gaggawa, daidai wuraren da aka toshe za su yi dabbare-dabbare, farin gishiri ya riƙa fitowa yana tura fentin waje. Na biyu, damina. Bangon da ya sha ruwan Agusta bai bushe ba a Satumba, ko da ka taɓa ka ji kamar ya bushe. Yawancin tsofaffin gidajen Samaru da Tudun Wada da na shiga, ba a sa musu abin tare danshi a tushe ba, shi ya sa za ka ga daga ƙasa zuwa kamar gwiwa bango yana ɓarewa. Wannan ba ciwon da fenti ke warkarwa ba ne. Sai an gano daga ina ruwan yake, ko indararo ne ke zuba a gindin bango, ko kwata ce, ko bututun banɗaki, a gyara, a jira. Mai fentin rangwame da mutum 19 ke jiransa ba zai ce maka ka jira ba. Zai shafa ya wuce gida na gaba.

Kai da kanka za ka iya gwada bangon yau da daddare. Ka yanki leda mai kauri kamar faɗin littafi, ka liƙa ta a ƙasan bango da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, akwai danshi. Sannan ka shafa tafin hannunka a tsohon fentin. In ya fito fari fat kamar ka taɓa alli, sabon fenti ba zai kama a kai ba sai an goge an sa abin da zai ɗaure shi. Haka bangon da aka taɓa yi wa farar ƙasa, irin wanda ake yawan samu a gidajen cikin Birni, dole a kankare. A can ma akwai ƙarin abu, ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti yakan rabu da ita ta ciki, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ƙwarya. Ka ga duk wannan ba abin da tallan waya zai sani ba ne.

Sai maganar abin da ke cikin bokiti. Fentin ruwa, wanda muke ce wa imolshan, abu huɗu ne a dunƙule: farin sinadarin da ke rufe bango, danƙon da ke riƙe shi, garin farin dutse da ake ƙara masa jiki da shi, sai ruwa. Biyun farko su ne masu tsada. Fenti mai araha garin dutse ya fi yawa a cikinsa, danƙo kaɗan, shi ya sa yake gogewa a jikin riga kuma ba ya wankuwa. A ɗakin amarya da za a riƙa jingina da bango ana zaman gaisuwa, za ka gan shi a bayan mayafan baƙi tun makon farko. Kuma tambarin jikin bokiti ba hujja ba ne. Bokitin Dulux ko Berger da aka gama amfani da shi ba a yar da shi, ana sayarwa, kuma mai son zuciya yakan ɗura masa haɗin gida ya mayar da murfi. Kamfanin ba shi da laifi a nan, amma kai ne za ka kwana a ciki.

Ga lissafin da zai taimake ka. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, da tsayin mita 3, bangonsa murabba'in mita 43 ne. Ka cire ƙofa da taga, ya rage kamar 39. Ɗakuna biyu da falo mai ƙafa 12 da 16 za su ba ka kusan 120. Fenti hannu biyu ake yi, a shafa, a bari ya bushe, a sake shafawa, ka ga 240 ke nan. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe kamar murabba'in mita 10 a bango mai santsi, mai kaushi kuwa ya fi sha. Ashe bangon kaɗai yana son lita 24, in ka haɗa da silin ka haura 30. Babban bokiti lita 20 ne. To in mutum ya shigo maka da bokiti ɗaya ya ce zai gama gidan duka har silin, ragowar daga rijiyarka zai ɗiba. Ƙa'idar ruwan da ake ƙarawa tana rubuce a jikin bokiti, yawanci ba ta wuce kashi 10 cikin 100, in ban da hannun farko a sabuwar filasta da ake tsinkawa fiye da haka da gangan don bango ya sha. Na sha ganin an mayar da bokiti ɗaya ya zama biyu. Fentin mai na ƙofofi da tagogi shi ma haka, maimakon tina, wato ruwan da ake tsinka shi da shi, sai a zuba kananzir, ya ƙi bushewa, ƙura ta manne masa, sheƙin ya mutu.

Lokaci ma yana tona asiri. Fentin ruwa yana son sa'a 2 zuwa 4 tsakanin hannu da hannu, fentin mai kuwa sai ya kwana. Wanda ya ce zai kankare, ya cike, ya yi hannu biyu, ya yi ƙofofi, duk daga hantsi zuwa la'asar, akwai abin da ya bari.

Wannan ya faru a gidan wata ƙanwata a Gyallesu. Ta biya ta waya saboda araha, ba ta gaya mini ba don kada ta ɗora mini nauyi. Yara biyu suka zo, ba ma wanda aka yi magana da shi ba. Da suka shiga sai magana ta canja: wai rangwamen na ɗaki ne mai ƙafa 10 da 10, nata ya fi haka, silin ba ya ciki, launin da ta zaɓa mai duhu ne sai an ƙara kuɗi, kankara ma aiki ne daban. An riga an fitar da kayan ɗaki tsakar gida, hadari yana haɗuwa, me za ta yi? Ta ƙara. Da aka tara abin da ta kashe, ya kai abin da mai fentin unguwarsu ya nema tun farko. Damina ɗaya bangon falon ya yi ya fara zubowa kamar ɓawon albasa. Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin adashenta ne na wata da watanni. Da ta kira shafin, suka ce su masu talla ne kawai, ta nemi mai aikin. Mai aikin ya ce shi abin da ya shigo hannunsa bai kai rabin abin da take faɗa ba.

Nan ne babbar illar take, ta fi ta ruwa a bokiti. A cinikinmu na gida, ka ba da kafin alƙalami, a fara aiki, ka duba, ka cika. Ragowar kuɗin da ke aljihunka shi ne linzaminka. Ranar da ka biya duka, kuma ka biya wani na uku da ba shi zai hau tsani ba, ka saki linzami. Kuma mai fentin da ka samu ta hannun maƙwabci ko abokin sallah yana da wanda yake jin kunya. In ya ɓata, ka san shagon da yake zama, ka san maigidan da ya koya masa, ka san mai unguwarsu. Lambar waya ba ta jin kunyar kowa. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da aka saya ba, kuma a ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ana son aiki ya zama sananne, lada ma sananne. Fatawa ta malamai ce, amma hikimar a fili take ga duk wanda ya taɓa rigima da ma'aikaci a tsakar gida.

Kada ka manta kuma gida za su shiga, har ƙuryar ɗaki, wani lokaci kana wurin aiki. Shafin ya ba wani, wanin ya ba wani, ba ka san wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kai yanzu gidan babu kowa, da sauƙi, amma mai iyali ya yi tunani sau biyu.

Akwai wani haɗari da ba a cika magana a kai ba, kuma ya shafi tsohon gida irin naka: dalma. An daɗe ana sa ta a fentin mai, musamman rawaya da ja. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke kira a bi shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan fentin mai na kasuwannin Najeriya sun samu wasu sun zarce haka nesa ba kusa ba. In aka goge tsohuwar ƙofa ko taga da samfefa a bushe, garin yana bin iska ya kwanta a ƙasa inda yara ke rarrafe. Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi, mun ga Zamfara a 2010 inda yara sama da 400 suka rasu, duk da cewa waccan daga dutsen zinariya ta fito. Kaɗan ɗin da ba ya kisa ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma mai juna biyu tana cikin haɗari. Mai aiki da natsuwa yakan jiƙa wurin kafin ya goge, ya shimfiɗa leda, ya rufe hancinsa, ya goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma bayan ya gama. Mai sauri ba ya yin ko ɗaya. Gidan da kake fatan a haifa maka 'ya'ya a ciki ne, ka sa ido a nan.

Duk wannan in shafin na gaskiya ne. Wasu babu ma mai fenti a bayansu, hotunan gidajen wasu ne aka kwaso aka liƙa a Facebook ko Instagram, da agogo mai ƙirga sa'o'in da suka rage don a hana ka shawara. In asusun da aka ba ka na mutum ne ba na kamfani ba, tsaya. Ka nemi sunan da suka yi rajista da shi ka duba a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kyauta ne. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar koke, amma sai kana da suna da adireshi da rasit za ka iya kai ƙarar wani. Wanda kuɗinsa ya riga ya fita ya gane damfara ce, ya garzaya bankinsa a ranar, kada ya kwana.

Ba na cewa duk ragi ƙarya ne. Akwai ragi na gaskiya a fenti, kuma daga haɗaka yake fitowa, sai dai haɗakar da ku kuka ƙulla. Ku uku ko huɗu a layi ɗaya masu son fenti kafin biki ko Sallah, ku je Sabon Gari tare ku sayi bokitai a wurin dila ɗaya, zai sauko muku. Ku ɗauki mai fenti ɗaya, shi ma zai sauko, don tsaninsa da yaransa suna wuri guda na mako biyu, ba kuɗin mota, ba zaman jiran aiki. Wannan ragin ka san daga inda ya fito. Ba zai kai rabi ba, amma ba daga bangonka aka yanko shi ba.

In kuma har ranka yana kan tayin nan, to ka kira su ka ce mai aikin ya zo ya gani kafin ka biya. Ka nemi ya nuna maka gidan da ya yi a Zariya wanda ya ga damina aƙalla ɗaya, ka je ka duba gindin bango da ƙarƙashin taga, ka tambayi mai gidan. Ku rubuta a takarda: ɗakuna nawa da awonsu, da silin ko babu, sunan fenti da lita nawa, hannu nawa, wa zai kankare ya cike, ranar farawa da ta gamawa, da abin da zai faru in ba a zo ba. Kowa ya sa hannu, da shaida. Mafi kwanciyar hankali ma ka raba kaya da aiki, kai ka sayi fentinka da kanka, a buɗe murfin a gabanka, shi ka biya shi ladan hannunsa. Ka ba da abin da bai wuce sulusi ba a farko, wani bayan ka ga an gama gyaran bango kafin a shafa komai, ragowar bayan hannu na biyu ya bushe ka duba da rana, taga a buɗe. In ya cika aiki, ka cika masa a take ba tare da ja masa rai ba, haƙƙinsa ne. Ka nemi farashi daga masu fenti biyu na unguwa a kan wannan takardar dai, sai ka ga ko rabin da ake faɗa rabi ne.

Game da lokacinka, ba ka makara ba, kwana 3 ɗin nan nasu ne ba naka ba. Filastarka za ta cika mako 4 a cikin Oktoba, lokacin ruwa yana ɗaukewa. Yi amfani da makonnin nan ka gyara indararo da duk inda ke yoyo, ka riƙa buɗe tagogi bango ya sha iska. A yi fentin cikin gida a ƙarshen Oktoba, na waje kuma a farkon Nuwamba, bayan bango ya bushe kuma kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, don ita ma tana manne wa ɗanyen fenti. Bangon da rana ke duka a yi shi da safe ko da yamma. Ka bar aƙalla kwana 10 tsakanin gama fenti da zuwan 'yan jere, warin fentin mai ya fita. Kuma ka sa a rage maka kamar lita 2 a galan mai murfi, ka rubuta sunan launin a jiki, domin ranar da za a shigo da gado da kabet sai an goge maka bango a bakin ƙofa.